Yadda Baba Birki Ya Shigo da Tirela Falo

Tun yana saurayi aka laƙaba masa Birki, sunan ya bi shi har furfura, ya zama Baba Birki. Direban tirela ne, irin wanda in ka shiga motarsa sai ka yi barci ka farka ka tarar ba a je ko'ina ba. Abokan aiki su wuce shi da hon suna dariya, shi kuwa ya ɗaga musu hannu, can gaba ya iske su a gefen titi an buɗe kan mota ana jiran inji ya huce. Da wanke taya da ɗaure tamfol ya fara, ya koyi tuƙi a hannun wani ubangida mai faɗan tsiya, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, duk daga kan kujerar nan mai tsalle. Ita ce kuma ta cinye masa baya. Ranar da likita ya duba hoton ƙashinsa ya ce doguwar tafiya ta ƙare, sai ya miƙa makulli ya dawo gida.

Zama bai karɓe shi ba. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Ya kwance keken ɗinkin matarsa ya zuba mai ya mayar, noti ɗaya ya yi saura a tafin hannunsa. Matar, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ta dubi notin ta dube shi.

"Malam, don girman Allah ka fita ka sha iska, kayana su huta."

Autarsu ce ta samar masa aike. Tana aiki a kantin magani, wayarta ta faɗi fuskar ta tsage, ta ce ya kai mata wurin mai gyara da ake kira Injiniya. Shagon matsattse ne, warin dalma ya cika shi, wayoyi a buɗe birjik a kan tebur. Baba Birki bai ko kalli wayoyin ba. A lungu akwai wani allo, a cikinsa ga titi shimfiɗe, ga ruwan sama yana sauka a gilashi, waifa na sharewa, ga madubin gefe yana nuna bayan tirela.

"Injiniya, wane fim ne wannan?"

"Ba fim ba ne, Baba, wasa ne. Ni ke tuƙawa. In aiki ya yi sauƙi nakan ɗan kai kaya."

"Kai ke tuƙawa? To ai ga kwana, ka rage mana!"

Injiniya ya tashi ya ba shi kujera, ya nuna masa maɓallan da zai danna. Mutumin da bai taɓa goge ko fitilar wani ba a rayuwarsa, kafin a ce me ya kwasa ya maka tirela a jikin ƙarfen gada. Sai ya fashe da dariya har da hawaye. Sai da yamma ya koma gida, ya kuma bar wayar Auta a shagon.

Washegari ya tambayi kuɗin kwamfutar da za ta ɗauki wannan wasa. Da ya ji farashin haɗaɗɗiya, sai ya nemi benci ya zauna. Injiniya ya ce kada ya karaya, in mutum ya tsinci kayan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da kansa, abin yakan zo da sauƙi sosai. Nan fa idon tsoho ya buɗe. Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da babban jak da sarƙoƙi da tamfol, ya sayar wa wani direba. Abin da ya samu shi ne jarinsa, ya kuma yi alkawari ba zai taɓa kuɗin cefane ba.

Injiniya ya baje masa wata tsohuwar kwamfuta yana nuna masa. Ga madabod, faffaɗan allon da ake dasa komai a kai. Ga furosesa, ɗan ƙarfen da ke yin lissafi. Ga ram, mai riƙe aikin da ake kan yi, ga ma'ajiya, ga akwatin wuta da ke raba lantarki. Ga kuma katin hoto, shi ke zana titi da ruwan sama da madubi.

"In don wasa ne, Baba, nan za ka zuba ƙarfinka. Furosesa matsakaiciya ta ishe ka."

Baba Birki ya ce ya gane. Amma ranar da suka shiga kasuwar kayan lantarki shi da Auta, sai ya hango wani gidan kwamfuta, akwatin da ake harhaɗa kayan a ciki, mai bangon gilashi, fankoki na juyawa da fitilu ja da shuɗi da kore. Direba da kwalliyar mota, ai sai ya tsaya cak.

"Auta, dubi wannan. Kamar gaban motata."

"Baba, fitila za ka tuƙa? In ka saye shi, da me za ka sayi katin?"

"Ke dai ba ki san ado ba."

"Na san shi. Mu tafi."

Ta ja hannun rigarsa yana waiwaye. Bayan kwana biyu ta shigo da wani tsohon gida na ƙarfe, mai launin toka, wanda aka yar a bayan kantinsu. Gefensa ya lotsa, da tabon shayi a samansa. Injiniya ya auna ya ce kati zai shiga, iska ma za ta wuce. Baba ya wanke shi, ya buge lotsawar da guduma, ya manna masa jan sitika mai ƙyalli irin ta bayan tirela.

Katin hoto na hannu suka nema. Wani mai ɗaukar bidiyo ne zai rabu da nasa, ya kawo shagon Injiniya a leda, yana rantsuwa bai taɓa ba shi matsala ba. Baba Birki ya ce shi bai taɓa sayen inji a kashe ba. Aka dasa katin, aka kunna wasan, aka bar shi ya yi ta aiki har ya ɗau zafi. Tsoho ya kara kunne.

"Fanka ɗaya na gurnani."

Injiniya ya saurara, ya ce haka ne, amma hoton bai yanke ba, fanka kuwa abin canzawa ce. Mai bidiyo ya yi dariya ya rage wani abu, aka yi musabaha.

A kan akwatin wuta ne suka yi rigima. Baba ya samo wani mai arha, mara nauyi, ba ko suna a jikinsa. Injiniya ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ajiye.

"Wannan ban yarda ba. Komai ka saya na hannu, ban da wannan. In ya yi tartsatsi, da katin da madabod zai tafi."

"Ai wuta wuta ce."

"Za ka zuba gurɓataccen mai a sabon inji?"

Baba ya yi ƙunƙuni, ya sayi sabo. Don a cike gurbin, aka fasa sayen allon kallo, aka ce talabijin ɗin falo zai wadatar. Inna ta ce ta yarda, da sharaɗin in lokacin shirinta ya yi, ko a tsakiyar gada yake ya faka.

Ram ce kaɗai ya sayo ba da shawarar kowa ba, don ya ga an karya farashi. Ya dawo yana taƙama, ya ɗora ta a ramin madabod, ta ƙi shiga. Ya juya ta, ta ƙi. Ya danna da babban yatsa har allon ya fara lanƙwasa. Da Inna ta ga ya miƙa hannu wajen filaya, sai ta riga shi ɗauka.

"Malam, abin da ya sami kekena ba zai sami wannan ba. Kira yaron nan."

Injiniya ya ce a waya tsohon samfuri ya sayo, tsagar da ke ƙasanta ba ta yi daidai da ta madabod ɗin ba. Baba ya koma kasuwa da kunya, mai kaya ya canza masa bayan ya sha tsiya.

Ranar da Auta ba ta aiki aka yi haɗin. Aka share teburin falo, aka jera sukurori a murfin kwano. Injiniya ya zo, amma Baba ya ce ya zauna ya harɗe hannu, baki kawai ake so. Yatsun da suka saba da sifana suka ɗauki furosesa kamar ƙwai. Ya ɗiga mata man sanyaya, Injiniya na cewa kaɗan, Baba, ba giris ba ne. Auta na haska fitilar waya, Inna na tsaye a bakin ƙofa wai ita ba ruwanta, amma ita ke cewa ga sukuru can ya gangara ƙarƙashin kujera.

Baba ya ce bismillah ya danna maɓallin kunnawa. Fankoki suka juya. Talabijin ya tsaya baƙi ƙirin.

Baba ya tuna jak ɗinsa da ya sayar. Injiniya kuwa murmushi yake, ya ce ya leƙa baya. Ashe wayar talabijin a ramin madabod ya soke ta, ba a na katin ba. Ya cire ya mayar ƙasa, ya sake kunnawa, sai ga rubutu ya bayyana. Auta ta yi ihu, Baba ya tashi ya taka rawa da bayan nan nasa mai ciwo, Inna na cewa a hankali, a hankali.

Da maɓallai ya yi ta fama na ɗan lokaci, yana cewa wannan tuƙin 'yan ofis ne. Ana nan wani gidan wasan yara ya rufe, Injiniya ya ji labari ya tsegunta wa Auta. Ranar da ta ɗauki albashi ta shigo da kwali ta ajiye a gabansa. Sitiyari ne, da totur da birki na takawa, fatar ta ɗan goge. Baba ya shafa shi ya shafa, yana ta cewa "Allah ya yi miki albarka," har sau nawa. Ya ɗaure shi a tebur, ya sa matashi a bayansa, ya gyara zama.

Yanzu in ka wuce gidan da hantsi za ka ji ƙugin inji ta taga. Tsoffin abokan aikinsa sun gano, sukan zo su cika falo, kowa na koya wa mai tuƙi tuƙi. Wata rana bayan sun watse, Inna ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, tana kallon duwatsu da gonaki na wucewa.

"Ashe haka kake gani a hanya?"

"Haka, har ma ya fi. Za ki karɓa?"

Ta ce Allah ya kiyaye, sannan ta gyara ɗankwali ta karɓa. Ta fita daga tasha lafiya, ta sha kwana lafiya, sai a wurin ajiye kaya ta yi baya ta kwashe shingen mutane gaba ɗaya. Wasan ya rubuta mata tara.

"Tara? Su suka kafa shinge a hanya!"

"Inna, ai shingen bai motsa ba."

"Kai dai yi shiru ka nuna min giyar gaba."

Ya nuna mata. Ran nan shirinta na talabijin ya wuce ba ta sani ba, abincin rana ma sai Auta ce ta dawo ta ɗora.