Ƙwaryar Kawu

Tarihin jarumtaka, tun daga Girka har duwatsun Adar, tarihin ƙofa guda ce da aka bari a buɗe. Na koyi haka a makarantar horon malamai, cikin littattafan Faransanci masu warin kyankyaso. Wani jarumi uwarsa ta tsoma shi a ruwan tsari tana riƙe da dunduniyarsa, dunduniyar ta zama ajalinsa. Wani ƙarfinsa duk a suma yake. Wani sarkin Mande ƙarfe ba ya kama shi, sai farcen zakara.

Namu jarumin kawuna ne, ƙanen innata, ɗan kokowar da bayansa bai taɓa sanin ƙasa ba tsakanin Buza da Keita. Tsohon da ya haɗa masa magani, mai salla ne amma bai zubar da saiwoyin kakanninsa ba, ya gaya masa magani gida ne, gida marar ƙofa kuwa kabari ne. Ƙofar kawu ita ce: kada ya sha hura a ƙwaryar da aka ɗinke.

A ƙasar da ƙwarya ke tsufa da ɗinki kamar rigar talaka, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Inna ta ɗauki aikin. Kowace ƙwarya sai ta ɗaga ta ga rana, ta ƙwanƙwasa, ta saurara, kamar likita da ƙirjin majinyaci.

Da na zo hutu, sabon mushe, wato malamin makaranta, mai biro a aljihu, na karanta mata darasina.

"Mi ya hana uwar ta sake hannu ta tsoma ƙahwar?" in ji ta.

"Littafi bai faɗa ba, Inna."

"To, jarumin ba shi da yaya. Ragwanci ne, ba ƙaddara ba."

Kawu yana gefe yana dariya. "Mushe, gaya wa Nasarunka su aiko da jarumansu, a duba musu ƙwarya."

Da kaka ta yi, garin Tamaske ya aiko goron gayyata: suna da sabon ɗan kokowa. Matsalar, baƙo ba ya ƙin hurar masu gida. Inna ta ɗaure sabuwar ƙwarya a zane kamar jariri, muka hau bayan kamyo, babbar motar kaya, ta zauna a kan buhun albasa tana kare ta daga kowane gargada. A can ta karɓi hurar mutane da godiya, ta juye a tata, ba kunya. Na tuna kiɗan, da ƙamshin gero sabon sussuka, da layun kawu suna rawa a damtsensa.

Kawu da ɗan kokowar Tamaske suka shiga fili. Ban gama gyara zama ba, kawu yana ƙasa yana kallon sama.

Muka dawo gida. Kwana da kwanaki ƙwaryar tana yawo hannu zuwa hannu. Tsofaffi suka shinshina, mata suka cika ta da ruwa suna jiran ɗigo, liman ma ya leƙa, ya ce shi dai wucewa yake. Inna ta daina cin abinci, tana cewa ita ta kayar da ɗan'uwanta. Ni kuwa na kawo misalai uku daga ƙasashe uku, babu wanda ya saurare ni.

Kawu ne ya zo ya zauna gabanta, ya karɓi ƙwaryar ya sha.

"Yaya, ƙwaryarki lahiya lau take. Ci tuwo."

Ya ba arba'in baya a shekarar. Yaron Tamaske ko aure bai yi ba.