Daren da Kaka Ta Dafa Dutsen Washi

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar fata sai in tuna da akwatin nan. Ɗan akwatin katako ne, bai wuce kamu ɗaya ba, a cikinsa marigayi kakanmu ya manne dutsen washinsa da dafaffiyar fatar saniya. Shekara da shekaru yana tofa wa dutsen yawu yana wasa wuƙa da lauje. Yawun nan, da jinin awakin Kirsimeti da na Sallah, don a gidanmu kowa da addininsa, duk katakon ya shanye har ya yi baƙi ƙirin yana danƙo. Tir! Kare ma in ya shinshina sai ya yi atishawa.

Lokacin ne babban birnin ƙasa zai taso daga Legas ya zauna a kan gonakinmu. Aka ce jibi mota za ta kwashe mu zuwa wajen Kuje. Mamata ta rantse ƙazantar nan ba za ta hau mota ɗaya da garin dawarta ba. Kaka kuma ta ce in dutsen mijinta bai tafi ba, ita ma a bar ta nan. Sai Baba Danjuma, ƙanen babana, ya ɗauko guduma da ƙusa zai ɓanɓare shi.

"Ajiye!" in ji Kaka. "Kai komai guduma. Ba ka ga ya sirance a tsakiya ba? Bugu ɗaya zai rabe."

Da aka ci tuwon yamma muka kewaye wutar da ake gasa doya, kamar kullum. Ranar dai Kaka ta ɗora wata tsohuwar tukunya, ta cika da ruwa, ta tsunduma akwatin a ciki, sannan ta gyara zama.

"Ga wata tatsuniya nan tafe, ku matso ku tarye ta."

Wai wani maharbi ne ya mutu ya bar dutsensa manne a akwati. "Kura ya ji ƙamshin fata," haka take faɗa, Hausar Kaka ba ruwanta da mace ko namiji. Kura ta gartsa wa akwatin cizo, ta bar haƙora biyu a jiki. Biri ya zo da ƙaton dutse, ya ƙwale yatsansa, ya gudu yana ihu. Sai matar maharbin ta sa akwatin a ruwan zafi ta zauna. Wari ya kori gari kaf, ungulaye suka cika kan ɗaki suna zaton mushe ne, ita ko gezau.

Tana cikin faɗa tamu tukunyar ta fara zafi, wari ya tashi. Wayyo Allah! Kyankyasai suka riƙa fitowa daga tsagar katakon suna iyo, wasu fararen tsutsotsi suka taso sama, ga wata kumfa ja-ja-ja mai yauƙi kamar miyar kuɓewar da ta kwana uku. Ƙanwata Ladi ta juya ta amayar da doyarta. Mama ta shige ɗaki tana tsaki.

Na toshe hanci na ce, "Kaka, to sai me ya faru?"

"Sai ta jira."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan mana. Ƙarya kike so in ƙara miki?"

Haushi ya kama ni. Tatsuniya ba waƙa, ba dodo, sai wari. Can ta sa kara ta zunguri dutsen, ya motsa. Ta sauke tukunyar, ta bari ta ɗan huce, ta cusa hannunta tsirara cikin ƙazamin ruwan nan ta zaro shi, yauƙi na bin sa zare-zare har gwiwar hannunta. Ko tsagewa bai yi ba. Ta wanke shi da toka da yashi, ta ƙulle a bakin zanenta. Akwatin kuwa Baba Danjuma ya kwashe shi da fartanya ya wurga bayan gida.

Na daɗe ina ɗauka abin da ta koya mana shi ne kada a guji aikin ƙazanta. Sai da na girma, ina zaune a Kurudu da nawa 'ya'yan, na gane ba da mu yara take magana ba. Da 'ya'yanta take, masu gaggawar ɗaure kaya. Ita ma shekara hamsin da wani abu tana manne a gidan nan, kuma bayan mun koma Kuje ba ta sake yi mana tatsuniya ba, ba ta kuma ga sabuwar doya ba ta rasu.

Ranar tafiya ta roƙi a ɗan dakata mata ta leƙa kabarin mijinta ta yi masa sallama. Direba ya danna hon, ya ce ƙauyuka biyu na jiransa. Babana da Baba Danjuma suka sure ta cak suka ɗora a kan buhunan dawa, ƙafafunta na reto. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ina cikin yaran da suka yi dariya.