Tagwayen Inna

Tumakin Inna ba sa haihuwar ɗaya. Daga tunkiya guda suka fito, wadda kakarmu ta ba ta, kuma duk ƙauyenmu na gefen Babura an san su da tagwaye.

Kowace shekara, idan damina ta yi tsakiya, tumaki sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, sai Inna ta kora su zuwa Kanya Babba, gidan yayanta, wai ragonsa ne zai yi musu barbara. Alhali ga rago a turkenmu, ɗan cikinsu, ƙato. Nakan tsokane ta in ce, "Inna, ki dai ce kewar Kawu kike yi, ki bar fakewa da tumaki." Sai ta ce, "Kai da ka yi boko, ka taɓa ganin an aurar da yarinya a ɗakin ubanta?" Su dawo da ciki, su haihu da sanyi, harawa na jibge a kan rumfa.

Da ta rasu ina aiki a Kazaure. Na kwaso tumakin biyar da ragon na kawo gidana. Ni mai wayo, na ce an gama wahalar hanya. Na sake shi a cikinsu dare da rana.

Suka riƙa ɗaukar ciki ba lokaci. Haihuwa ta faɗo cikin bazara, ba ciyawa, nono ya ƙafe. Daga baya 'ya'yan suka koma ɗaiɗai, ƙanana, ƙafafu na rawa, wasu ba sa kwana uku. Na zagi mai dusa, na zagi zafin garin, ban zagi kaina ba. Cuta ta ɗauki biyu, na yanka biyu da ragon, saura tsohuwa guda mai baƙin kunne. In ta mutu, irin Inna ya ƙare a hannuna.

Da damina ta yi tsakiya na sa ta a mota, kunya kamar ta kashe ni. Muna sauka ta fizge igiya ta yi gaba, har ƙofar gidan Kawu. Ni da na manta lungun, ita ba ta manta ba.

Kawu ya buɗe bakinta ya duba haƙora, sannan ya dube ni.

"Sai yanzu?"

"Kawu, a yi haƙuri, ban sani ba ne."

"Ka sani mana. Innarka ta faɗa maka, dariya ka yi. Bar ta nan, Allah Ya sa da rabo."

Ta haihu da sanyi. Ɗaya, namiji. Ba ta ga wata damina ba.

Babbar Sallah uku na hana a taɓa ragon nan. Matata ta ce ko gadon gidan zan bar masa. Maƙwabta kuwa suka yi ta aronsa, ban hana kowa ba, don na ga abin da kulle ya jawo mini.

Bana wata tsohuwa a bayan layinmu ta aiko a kira ni. 'Yar da ragona ya ba tunkiyarta ta girma, ta yi haihuwar fari. Na shiga na tarar da biyu a kwance jikin uwarsu, ɗaya da baƙin kunne.

Na yi mata barka. Sannan na tsaya a tsakar gidan mutane, hawaye na zuba, ina son in ruga in gaya wa Inna, ba inda zan same ta.