Gicciyen da Muka Raba Biyu, Ni da Sebastine

Ranar Juma'a, 19 ga Afrilu, 1996, da hantsi, Ubangiji ya kira bawansa Sebastine Dokas, katikis, wato mai koyar da addini a cocin Unguwar Kanya da ke bayan Sabon Wuse, yana da shekara sittin da bakwai. A gona ya faɗi yana sharar shuka, kafin a isa da shi asibiti a Suleja rai ya yi halinsa. Ni Istifanus, tsohon malamin makaranta a Tungar Rimi, da na fi shekara talatin ina cin abinci kwano ɗaya da shi, ba daga iyalinsa na ji ba. A bakin wani direba na tsinci labarin kamar baƙo, kuma ban ga laifin kowa ba, ni na jawo.

Dogo, bari in kira ka da sunan da na saba, ko da yake shekara uku bakina bai furta shi ba.

Masu karatu da yawa ba su san mu ba. Ƙauyukanmu biyu ne, na manoman da suka zo cin rani daga kudancin Zariya suka zauna, dutse ɗaya ne tsakaninmu. A 1974, lokacin ana kiran Suleja Abuja, wani limamin coci, Fada Otabiyo, mutumin Italiya, yakan zo mana a kan babur. Shi ya ba mu labarin ƙauyukansu na kan duwatsu. Ya ce idan ƙanƙara ta narke bazara ta shigo, kowane ƙauye yakan fito daga cocinsa da waƙa, su hau dutse a jere, su haɗu da maƙwabtansu a can sama, a roƙi albarkar gona, a ci abinci tare. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa. Kai ne ka ce masa, ai Fada mu ma muna da dutse.

Dabarar gicciyen ma taka ce. Ka ce kada kowane ƙauye ya yi nasa, a yi guda ɗaya a raba biyu, doguwar sandar a wurinku, gajeriyar da ke giftawa a wurinmu, sai an haɗu a sama a haɗa su da ƙusar itace. Malam Bamalli kafinta na Bagama ya sassaƙa mana da icen maɗaci, yana dariya wai tun da yake bai taɓa yin aikin da sau ɗaya a shekara yake kammaluwa ba. Kai ka ɗauki doguwar, ni na ɗauki gajeriyar, ka ce an raba mana daidai tsawonmu. Ban yafe maka wannan tsokanar ba har yau. Muka tsayar da Lahadi ta biyu bayan bikin Ista, dab da ruwan shuka. Fada ya koma ƙasarsu, mu kuwa shekara goma sha tara ba mu fasa ba ko sau ɗaya.

Wa ya san wahalar da kake sha kafin ranar? Tun Asabar kake sare ƙayar hanya ta ɓangarenku, ka gangaro ka sare tamu, don ka san ni da adda sai a hankali. Kai kake hawa da jarkokin ruwa saboda tsofaffi. Shekarar da ƙafafun Iya Naomi suka ƙi, ta zauna tana kuka a ƙofar ɗaki, ka miƙa wa wani sandar ka goya ta har saman dutsen, tana yi maka faɗa wai kana jijjiga ta. Fulanin da ke kiwo a gindin dutse kai kake aika wa su zo a ci da su, har ya zama suna kawo mana fura da nono ba a tambaye su ba. Da matata ta rasu cikin damina, na kwanta na bar gona ta zama daji, wata safiya na ji ƙarar fartanya, na leƙa na ga mazan Unguwar Kanya goma sha biyu a cikin dawata, kai a gaba. Ko shigowa ba ka yi ka ce ga abin da kuka yi ba.

Sai rigimar fadama ta taso a farkon 1993. Mutanenmu suka ce iyaka ta wuce rafi, naku suka ce rafin ne iyaka. Dagaci ya kira ka shaida, domin kana nan aka shata. Ka miƙe a gaban jama'a ka ce rafin ne, kuma marigayi babana ne da kansa ya kafa dutsen alama. Gaskiya ka faɗa, Allah ya sani na san gaskiya ce tun a ranar. Amma an kira sunan ubana a gaban mutanena, zuciya ta ɗebe ni. Na dawo gida na jefa gajeriyar sandar a saman rumbu, na rantse ba za ta ƙara hawa dutse ba. Matan ƙauyenmu sun roƙe ni, dattawa sun roƙe ni, na ce wanda ya isa ya zo ya ɗauka. Taurin kaina ba baƙo ba ne a Tungar Rimi, suka ƙyale ni.

Kai kuwa ba ka fasa ba. Kowace shekara sai in jiyo waƙarku tana hawa. Aka riƙa gaya mini kana tsayawa a sama riƙe da sanda tsirara, wadda ba ta zama gicciye ba, daga hantsi har rana ta karkata, fuskarka tana kallon hanyarmu. Shekarar farko ƙauyenku duka suka hau. Ta biyu mata ne da tsofaffi. Bara ku bakwai ne, samarinku suna ce maka ka daina zubar musu da mutunci.

Ga abin da ya hana ni sukuni, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Bana na sauko. Tun cikin azumin Ista na sauke sandar daga rumbu, na kankare ta, na shafe ta da man kaɗe, ban gaya wa kowa ba. Ranar Laraba na gan ka a tashar mota a Suleja, kana ɗauke da buhun irin masara, ka rame. Ka tsaya, ka buɗe baki za ka gaishe ni. Na kawar da kai. Wai ni mai dabara, na ce a raina bari dai ya gan ni ranar Lahadi a kan dutse, ya fi daɗi. Kalma biyu kawai ake nema, ina zuwa. Kaico, na riƙe su, ka tafi Juma'a ba ka sani ba.

An binne ka Asabar, na tsaya can baya kamar ɓarawo. Lahadi na hau dutsen ni kaɗai da gajeriyar sandata. Ba wanda ya zo, suna zaman makoki. Na tsaya inda kake tsayawa, ban kai awa biyu ba tsayuwar ta gagare ni, na zauna na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar matata.

Daga nan na gangara gidanka. Na ɗauka Rebeka, matarka, za ta juya mini baya, kuma da ta yi da ban ce komai ba. Sai ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambaye ni yaya ƙafa. Na ce wace ƙafa? Ta dube ni ta ce, "Malam, duk shekara in ya sauko, jikoki suka tambaye shi ina Baba Istifanus, cewa yake ƙafa ce ta hana ka hawa, a sa ka a addu'a. Shekara uku suna yi maka addu'ar ƙafa kafin su ci abinci."

Katikis guda, wanda ya ƙi yin ƙarya a gaban dagaci ko da zai rasa aboki, ya yi ta a gaban jikokinsa don kada su tsane ni.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Sebastine hutawa ta har abada, haskenka ya haskaka masa. Ƙaryar nan kada ka ɗora masa, a kaina take. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Rebeka, da 'ya'yansa Daniel da Jerome, da jikoki, da jama'ar Unguwar Kanya da Tungar Rimi baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare abin da ya bari. Ku kuma jikoki, ƙafata lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa ciwo ba. In za ku ci gaba da yi mini addu'a, ku roƙa mini gafara. Amin.