Irin Gyaɗata da Injin Sabulu

Har yau idan na ji ana yabon inji don yana da sauri, sai raina ya ɓaci. Abin ya samo asali tun ina da goyon fari, a gidan surukaina a Matameye, shekarun da gyaɗa ke tashe, Faransawa ba su tafi ba tukuna.

Gidanmu gidan gandu ne. Baban mijina ke riƙe da babbar gona, ƴaƴansa maza su noma tare, abin da aka samu ya shiga rumbunsa. Kowace mace kuma an yankar mata gayauna, ƴar gonarta ta kanta. Tawa ba ta da wani girma, amma daga ita nake samun gyaɗar da nake matse mai, in toya ƙuli-ƙuli, in yi zanena da sabuluna ban miƙa wa kowa hannu ba. Irin da nake shukawa ni na zaɓe shi ƙwaya-ƙwaya tun kaka, na zuba a tulu, na liƙe bakin da laka.

Da bazara malamin gona ya zo da wani garin magani, ya ce a cuɗa shi da irin gyaɗa kafin shuka don kada ƙwaya ta ruɓe a ƙasa. Ya hana a cuɗa da hannu, wai guba ne, sai a cikin abu mai rufi. Maƙerin unguwarmu ya ji haka, ya samo tano, wato gangar ƙarfe, ya huda shi a karkace, ya zura ƙarfe ya yi masa mariƙi. Cikinsa sumul, babu komai. Ka zuba iri da magani ka juya a hankali, gyaɗa ta riƙa gangarawa a kan junanta. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, ga kukan tsiya idan ana juya shi, amma gidaje da yawa suka ce da shi za su yi.

Mu ba mu ce ba, saboda mijina ya dawo daga cirani da nasa. A Kano ya yi rani, a wata masana'antar sabulu, kuma da za su yar da tsohon injinsu na cuɗa sabulu sai ya roƙa aka bar masa. A motar gyaɗa ya ɗoro shi har ƙofar gida. Kore ne, mai ƙafa huɗu, da mariƙi mai santsi, a cikinsa kuma fikafikan ƙarfe ne da ke sarƙewa da juna idan an juya. Tun da ya sauke shi tafiyarsa ta canza. Mutumin da na sani ba ya iya gyara marfin rumbu, shi ne ya koma yana tsayawa da hannu a ƙugu yana yi wa dattawa bayanin ƙarfe.

Baba ya ce a gwada duka biyun a gabansa kafin ya zaɓa. Maza suka taru a ƙofar gida, mu muna leƙe ta katanga. Suka yi gardama a kan wanda ya fi sauri, da wanda ya fi ƙarfi, da wanda zai riga yin tsatsa. Babu wanda ya tsaya ya ce, shin me za a zuba a ciki? Mu da muka yi makonni muna ɓarar wannan iri da yatsunmu, ƙwaya ɗaya-ɗaya don kada ta ji ciwo, har fatar hannunmu ta tsage, ko kallon wajenmu ba a yi ba. Aka zuba tiya guda a kowanne. Kafin tanon maƙeri ya gama kukansa, injin Kano ya juye nasa, kowace ƙwaya ta sha magani ta yi baƙi ƙirin. Maza suka gyaɗa kai, Baba ya ce an gama magana.

Ni dai kunnena bai yarda da ƙarar da na ji ba, wani ƙaras-ƙaras daga cikin injin. Da suka watse na ɗebi ɗan abin da aka gwada da ludayi, na kai bayan madafa na zuba masa ruwa. Maganin yana wankewa sai ga abin da ya ɓoye. Ƴar jar rigar nan da ke jikin gyaɗa duk ta saɓule, fari ya fito, wasu sun tsage, wasu ɗan hancin da ke tsirowa ya karye. Duk macen da ta taɓa ɓarar iri ta san wannan ƙwaya ta ci ce, ba ta shuka ba.

Na kai wa mijina a ludayin, na durƙusa na nuna masa.

"Maigida, dubi abin da ƙarfen nan ya yi. Wannan ba za ta fito ba."

Ya ɗan duba, ya yi dariya. "Ke kin wanke ta ne shi ya sa. A Kano da shi ake aiki, ke za ki gaya mini?"

"A Kano sabulu yake cuɗawa. Sabulu ba shi da rai."

Ya ce in tashi in ba shi wuri, kada in ja masa abin kunya a gaban Baba. Na tashi. Ni ba zan iya zuwa wajen surukina da maganar ba, tunda ko ido ba ma haɗawa, kuma mijina ya san da haka sarai. Abin da ya fi ƙona mini rai, na ga idonsa ya tsaya a kan farar ƙwayar nan. Ya gani. Injinsa ne kawai ya fi masa.

Washegari Baba ya ce duk irin da ke gidan, na gandu da na mata, a kawo a cuɗa. Sauran matan suka kai nasu. Ina tsaye ina jin wahalarmu ta makonni tana ƙaras-ƙaras, maza suna karɓa-karɓa da mariƙi suna raha. Ni na kai tiya biyu ta gyaɗar ci, na ce iyakacin abin da nake da shi ke nan. Irina na gaske na zuba a babban gora da ɗan magani, na toshe bakin da tsumma, na riƙa mirgina shi a kan tabarma a hankali har ya kama, na mayar tulu. Ban iya riƙe abu a ciki ba a lokacin. Da rana ina kai wa mijina fura na gaya masa abin da na yi, na roƙe shi ya bar ni da nawa. Ya ce ba ruwansa da haukata.

Ruwa ya sauka aka shuka hatsi. Da ya sake sauka aka shuka gyaɗar gandu, mu duka, domin sai an gama da gandu mace ke juyawa ga tata. Ranar da zan shiga gayaunata ƙasa ta riga ta sha iska, na ce bari in jira ruwa na gaba. Kwana takwas, gonakin da aka cuɗa wa iri a tano suka yi kore layi-layi. Tamu kuwa nan ɗaya, can ɗaya. Baba ya tona rami da yatsa ya fito da ƙwaya ruɓaɓɓiya, ya tona wani, haka. Aka bazama neman iri. Ranar kasuwa babu, an aika garin Kance babu, kowa ya riga ya zuba nasa a ƙasa. Ban ji daɗi ba, Allah ya sani, abincin gidanmu ne. Amma na ce a raina ko ba komai tawa za ta fito.

Ranar da hadari ya sake haɗowa, ina daka da hantsi, sai na ji sallamar Baba a ƙofar ɗakina. Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa tako wajen ba. Na saki taɓarya na durƙusa, kaina a ƙasa. A bayansa ina hango ƙafafun mijina.

"Ƴata, an ce mini kina da iri mai lafiya. Gandu ya mutu. Ki taimake mu, Allah ya yi miki albarka."

Bai yi mini faɗa a kan ƙaryar da na yi ba. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Me zan ce wa dattijon da ya tako da ƙafarsa? Na ce, "To, Baba." Na shiga na ɗauko tulun da kaina na ajiye a gabansa. Mijina ne ya sunkuya ya ɗauka, bai dube ni ba.

Irin ya fito tsaf, ko rami ɗaya bai yi ƙarya ba. Bai rufe gandun duka ba, amma ya rufa wa gidan asiri. Kullum na ɗauki abincin gona sai na bi ta gefen gayaunata, ciyawa ta kai gwiwa, in wuce in tarar da gyaɗata tana fure a gonar da ba tawa ba. A wannan shekara ban matse mai ba, ban toya ƙuli-ƙuli ba, gishirin miya ma sai na roƙa. Injin aka tura shi bayan rumbu, kaji suka riƙa yin ƙwai a ciki, babu wanda ya sake ambatonsa. Maza sun iya yin shiru a kan abin da suka ɓata.

Wata rana a gona ina zuba masa ruwa, mijina ya dubi gyaɗar ya ce, "Kin gani? Allah ya rufa mana asiri." Na jira ko zai ƙara wani abu. Sai ya miƙo mini moɗa.

Da kaka Baba ya aiko mini da gyaɗa daga gandu, na zaɓi iri a ciki. Ban zuba a tulun ɗakina ba. Na ƙulle shi a zane, na ce zan je gaida innata a Kurni, na bar shi a can. Da na dawo mijina ya tambaye ni ko na ajiye iri bana, na dube shi ido da ido na ce babu. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi masa ban ji komai ba. Mun yi shekara arba'in da wani abu tare bayan nan, mun haifi ƴaƴa, mun binne wasu, ban taɓa raina shi a gaban mutane ba. Amma har ya koma ga Allah bai sake sanin abin da na mallaka ba.