Azahar Ɗin da Inna Ta Jira

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyarmu, kuma har yau in na ji an ce "awa shida" sai raina ya ɓaci.

Yayana Sanusi ne ya kawo mana wannan lissafi. Ranar da zai tafi aiki Landan, Inna ta riƙe masa hannun riga a zauren gidanmu na Gwandu tana kuka, sai ya ce, "Haba Inna, awa shida ce fa a jirgi zuwa Abuja." Inna ba ta san awa ba, da salla take auna tafiya. Ta ƙirga a yatsu, ta share hawaye, ta ce, "Ashe in ka yi asuba can, nan za ka yi azahar." Daga ranar ta daina ganin nisan Landan. Ni da nake koyarwa a Kalgo, nan kusa, in na yi mako biyu ban leƙo ba sai ta wanke ni tas. Shi kuwa shekara tara bai tako ba, kullum ita ke nema masa uzuri.

Na san lissafin bai cika ba. Akwai neman hutu, akwai tikiti, ga hanyar Abuja zuwa Birnin Kebbi mai cin yini guda. Amma na ja bakina, don na ga abin yana sanyaya mata zuciya. Wallahi shirun nan shi ya fi ci mini rai yanzu.

Da ciwo ya kwantar da ita na ce a kira shi, ta hana. "Kak ku tada mai hankali, kusa shike." Wasiyyarta ɗaya ce, Sanusi ne zai sa ta a kabari. Ta cika bayan sallar asuba. Na buga masa waya, aka yi mata sutura, na roƙi liman a jira azahar, aka jira. Da na roƙi la'asar sai dattawan unguwa suka fara kallon juna. Liman ya dafa ni ya ce, "Malam Bello, gawa ba ta jiran jirgi." Ni na sa ta da hannuna, ina ji kamar na ci amana. Sanusi ya iso ranar addu'ar uku, yana jan akwati.

Yau kowa na iya latsa waya ya ga nisan kowane birni da awannin jirginsa. Da Inna tana nan da ta yi murna, ta ce nesa ta zo kusa. Ni dai na gane zumunta a ƙafa take, jirgi ba ya ɗauko wanda bai yi niyya ba.

Abin da ta bar mana shi ne kyautata zato, amma na kasa gadonsa. Jiya Sanusi ya kira, ya ce bana lalle zai zo ziyarar kabarinta, ai awa shida ce. Na ce masa kada ya yi gaggawa, Inna ta saba jira. Azahar ɗin ce dai har yau ba ta yi ba.