Mai Walda da Haƙarƙarin Kujera

Har yau Mai Walda ake ce masa a kamfanin roba, duk da cewa rabonsa da riƙe sandar walda har an manta. Shi ne dattijon nan mai furfura da ke zama a kusurwar ɗakin zane, kusa da taga, tabarau a kan karan hanci, yana jujjuya hoton wani abu a kwamfuta kamar mai tayin rago.

Tun yana saurayi ya shiga kamfanin, inda ake yin bokitai da kwanduna da kujeru. Shi ba ruwansa da roba, gyara ne aikinsa. In ƙafar inji ta tsage shi ake kira, in ƙofar sito ta ɓalle shi ake kira. Aƙidarsa guda ce, kuma ba ya ɓoye ta: duk abin da ya karye, ƙarfe ne ya yi masa kaɗan, a ƙara masa. Matarsa takan ba da labarin gadon da ya ƙera musu farkon aurensu, wanda duk sanda za su tashi daga gida sai an nemo ƙarti an roƙe su kafin ya motsa.

Wata ranar aiki yana saman tsani yana ɗinke bututun ruwa, tsanin ya zame. Ya daɗe a kwance a asibiti. Da ya miƙe, likita ya gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa bayansa ya gama sunkuyo da ɗaukar nauyi. Manaja mutumin kirki ne, bai sallame shi ba, ya ce akwai gurbi a bakin ƙofa, sai dai ya zauna a inuwa yana buɗe wa motoci. Mai Walda ya yi godiya, ya koma gida, aka kawo abinci ya ture.

Matarsa ta zauna kusa da shi ta ce gadi ba abin kunya ba ne, mutane nawa suka riƙe iyali da shi. Ya ce ya sani. Abin da ke cin ransa shi ne ya wuni, rana ta faɗi, bai ƙera komai ba.

Washegari ya koma kamfanin ya hau bene a hankali, yana dafa bango, ya ƙwanƙwasa ɗakin zane. Shugabar ɗakin Injiniya ce, sa'ar babbar 'yarsa, mace marar yawan magana wadda suka sha yin musu da ita a kan gyaran inji. Ya gaya mata abin da ya kawo shi: so yake ya koyi zane. Ta tambaye shi ko ya taɓa taɓa kwamfuta.

"Teburin da take kai dai ni na yi waldarsa," in ji shi.

Ta yi dariya, abin da ba a cika gani ba. Ta ce akwai tsohuwar kwamfuta a kusurwa, za ta yi magana da Manaja a ba shi dama, amma ya sani ba za ta sassauta masa don furfurarsa ba. Ya ce daman ba sassauci ya hawo bene nema ba.

Farkon abin ya sha wuya. Yatsunsa sun saba da ƙarfe, sun yi kanta, in ya kama linzamin kwamfuta sai ya matse shi kamar zai gudu. Ya ja layi, layin ya ɓace. Ya nemi ya juya zane, zanen ya tsere can ƙarshen allo ya zama ɗigo. Bayansa kuma ba ya barinsa ya daɗe a zaune, sai ya miƙe ya ci gaba a tsaye, har matarsa ta ɗinka masa ɗan matashi yana tafiya da shi a jaka. Ran nan ta same shi a falo ya ɗora hannu kan sabulun wanka yana zagaya shi a kan tebur, yana danna shi da ɗan yatsa. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce in ya gama aikin ofis ya miƙo mata, yara na jiran wanka.

A hankali hannun ya yi laushi. Ya iya zana faranti, ya ba shi kauri, ya huda shi. Da Injiniya ta ga ya kai nan, sai ta ajiye masa wata 'yar kujerar roba marar jingina a kan tebur, ta kife ta. Masu saye suna ƙorafi cewa tsakiyarta na lotsawa in babba ya zauna. Ta nuna masa siraran bangwayen da ke tsaye a ƙarƙashin mazaunin, ta ce su ake kira haƙarƙari, su ke riƙe da nauyin mutum. Aikinsa ya sake musu tsari. Ta kuma ja masa kunne cewa kaurinsu kada ya wuce rabin kaurin mazaunin sai da kaɗan.

Ya gyaɗa kai, amma a ransa ya ce yarinta ce. Ina aka taɓa ƙara wa abu ƙarfi ta hanyar rage masa jiki? Ya zauna ya zana haƙarƙari masu kauri, dogaye, kamar ginshiƙan gada. Manhajar zanen da ke kwamfutar tana da wurin gwaji: ka ɗora wa zane nauyi, inda ya wahala ya yi ja, inda ya huta ya yi shuɗi. Nasa ya fito shuɗi tas. Ya kira Injiniya yana murmushi.

Ta duba, ta ce kwamfutar nauyi kawai ya tambaye ta, bai tambaye ta yadda roba ke hucewa ba. Ya tsaya kan bakansa. Maimakon ta ja musu, sai ta sa aka sassaƙa ƙaramin mazubi na gwaji, wato ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki ta ɗauki siffa, na mazaunin kaɗai.

Mai kula da injin wani ƙaton mutum ne da ake kira Siriri, wanda duk kujerar da aka ƙera shi ake fara ɗorawa a kai. Da aka buɗe mazubin, robar ta ƙi fita, sai da Siriri ya ɓamɓaro ta. Ta fito a karkace, samanta duk ya loɓa layi-layi, daidai inda kowane haƙarƙari yake a ƙasa. Siriri ya ɗaga ta sama ya ce wannan ko akuyar da ta shekara ba ta ci ba, haƙarƙarinta bai fito haka ba. Ma'aikata suka kwashe da dariya.

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta ja Mai Walda gefe ta shafa loɓawar da yatsa.

"Baba, ƙarfe ka sani, wannan kuwa roba ce. Inda ta yi kauri ba ta hucewa da wuri, kuma tana hucewa tana tsukewa, sai ta jawo fuskar ciki. Kaurin da ka ƙara shi ya cuce ta."

Da aka tashi daga aiki ya bi ta bakin ƙofa zai fita. Ya ga bencin masu gadi a inuwa, babu kowa a kai. Ya ɗan rage tafiya, ya dube shi, bayansa na zugi. Sai ya gyara riƙon karkatacciyar robar a hammata ya wuce. A gida ya ajiye ta kusa da gado, da safe ya mayar da ita ofis ya jingina ta gaban kwamfuta inda zai riƙa ganinta.

Ya share zanen duka ya faro daga tushe. Wannan karon ya sirance haƙarƙarin yadda aka ce, ya rage musu tsawo, ya ɗan zaftare gefensu yadda za su fi faɗi a gindi, su sulɓe daga mazubi ba gardama. Ya riƙa tambaya kuma, abin da a da yake jin nauyinsa. Aka sake gwaji. Mazaunin ya fito sumul, fuskarsa kamar madubi. Aka ɗora shi kan ƙafafu, Siriri ya zauna, ya gyara zama, sai aka ji ƙas. Ya miƙe da sauri yana karkaɗe wando, ya ce shi dai ba laifinsa ba ne, ko karin kumallo bai yi ba.

Mai Walda ya karɓi mazaunin ya kife shi a hasken taga. Tsagar ta faro ne daga gindin wani haƙarƙari, daidai inda ya haɗu da mazaunin a kusurwa mai kaifi. Ya daɗe yana kallonta. Wannan tsagar ya san ta. Shekara da shekaru yana ɗinke irinta a jikin injina, kuma kullum daga kusurwa mai kaifi take farawa. Ya ji haushin kansa da bai tuna ba, ya kuma ji wani sanyi a ransa, don ashe ba duk abin da ya sani ne ya zama na zubarwa ba.

Ya koma ya bi gindin haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya yana zagaye kusurwar, ba da yawa ba, kada kauri ya sake taruwa a wurin. Ya ƙara yawansu, ya sa suka gicciye juna, ya karkata wasu zuwa inda ƙafafu suke don nauyi ya sami hanyar sauka. Jan da gwajin nauyi ke nunawa a tsakiyar zanen ya dushe. Injiniya ta duba ta mayar masa, ta ce biyu sun yi kusa da juna, roba ba za ta huce daidai a tsakaninsu ba. Ya gyara. Ta sake mayar masa. Ya sake gyarawa.

Ranar gwaji na uku ɗakin inji ya cika, har da masu shara. Siriri ya yi addu'a a bayyane, ya zauna a hankali. Shiru. Ya ɗaga ƙafafunsa sama, ya yi rawa da jiki, ya miƙe ya faɗo da ƙarfi. Kujerar ko gezau. Ya ce to shi ya sami wurin zama, a kawo masa abincinsa nan. Injiniya ta kife mazaunin, ta bi gindin haƙarƙarin da farce, ta shafa fuskar, sannan ta miƙa wa Mai Walda.

"A sassaƙa babban mazubi," ta ce. "Sannu da aiki, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Tun daga nan duk wani aikin haƙarƙari teburinsa ake kaiwa: murfin tanki, gindin kwando, akwatin kwalabe. Har yanzu hannunsa na karkata wajen kauri, har yanzu Injiniya na mayar masa da zane ta ce a rage, shi kuma ya yi ƙunƙuni ya rage. Wata sabuwar ɗabi'a ce dai ta dame matarsa. Duk gidan da suka je, kafin ya zauna sai ya kife kujerar roba ya leƙa ƙarƙashinta. Kwanan baya ya yi haka a gidan surukan 'yarsu, ana tsakiyar gaisawa. Ta zungure shi da gwiwar hannu, ya mayar da kujerar ya zauna. A hanyar gida ta yi ta faɗa, shi kuwa yana sauraro har ta gaji, sannan ya ce wanda ya zana kujerar nan ya bar kusurwa da kaifi, ta gaya wa 'yarsu kada ta bari surukinta ya riƙa zama a kai.